Yadda Ake Sauko da Zanen Gida Daga Kwamfuta Zuwa Ƙasa a Rara

Mai zanen gini yana Sakkwato, fili yana Rara a ƙaramar hukumar Rabah, hanya kuma ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba saboda matsalar tsaro. Don haka rabin aikin ta waya yake tafiya, kuma ba kowace na'ura ce ke da amfani a nan ba. Wadda ke taimako ita ce wadda abin da ta fitar zai kai hannun birkila ya fahimce shi, ko da babu lantarki babu intanet.

Ana farawa da kallon filin daga sama. Mai gida ya tsaya a tsakiyar filinsa, ya tura inda yake ta WhatsApp, mai zane ya buɗe Google Earth ya duba. A kwamfuta akwai damar komawa hotunan shekarun baya, a ga inda ruwa ke kwanciya da damina, da tsohuwar hanyar kwari da aka cike da shara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ba ta manta da ambaliyar Satumba 2010 ba, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya mamaye ƙauyuka a Goronyo da Wurno, ya gangara har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Amma hoton sama ba ya faɗin tsayin da ruwa ya kai. Wannan sai a wurin dattawan unguwa: a ce, "Baba, shekarar babban ruwa ina ya tsaya?" Inda suka nuna a jikin bango ko itace, a buga ƙusa. Ƙusar nan za a dawo gare ta.

Awon iyaka da tef ake yi, a gaban maƙwabta da wakilin mai unguwa. Na'urar gano wuri da ke cikin waya tana iya yin kuskuren mita da yawa, kuma mita ɗaya ta isa ta kai 'yan uwa gaban alƙali. A auna gefe huɗu, a ƙara da awon kusurwa zuwa kusurwa, domin da wuya a sami fili a tsohon gari da ya yi murabba'i sosai.

Sai zane, inda AutoCAD ko SketchUp ke yin abin da hannu zai daɗe bai yi ba. A SketchUp ana sa wa gida wurinsa a duniya, a zaɓi wata da sa'a, a ga inda inuwa za ta faɗi. A gwada ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato. Nan take za a ga dalilin miƙe gida gabas da yamma, dogayen bangaye da tagogi su dubi kudu da arewa. Bangon gabas kuma shi ne ruwan damina ya fi duka, magina sun san haka tun zamanin tubali, sai a ba shi baranda ko a zuro rufi. A duba alƙibla ma, wadda daga nan take wajen digiri 70 daga arewa zuwa gabas, don kada makewayi ya fuskance ta ko ya ba ta baya.

Inda manhajar ke cutarwa shi ne samfuran da take zuwa da su: ƙofar waje ta buɗe kai tsaye cikin falo, kicin a manne da shi, ga tagogin gilashi manya-manya. Mai zane mai ƙiwa ya kwafo wannan ya aiko Rara, ba zaure, ba tsakar gida, ba wurin turmi ko turken awaki. Bayan shekara sai ka ga an kewaye gaban gidan da zana. A ganina gara a zauna da mai gida da uwargida a zana da biro tukuna, sannan a shigar kwamfuta.

In an gama, a buga a takarda babba, a lulluɓe ta da roba. Waya tana mutuwa, fuskarta kuma ba ta ganuwa a rana. A rubuta awo iri biyu, domin kwamfuta da milimita take magana, birkila kuwa da ƙafa da inci da yawan bulo. In faɗin ɗaki ya dace da tsayin bulo, an huta da sare-sare.

Ranar buga igiya, a kafa turaku da katako nesa kaɗan da inda za a tona, a ja igiyar bangon gaba da ta bangon gefe. Kusurwa da tef ake fitar da ita: ƙafa uku a wannan igiya, huɗu a waccan, tsakaninsu ya zama biyar cif. An fi samun daidai in aka ninka, shida da takwas da goma. Sai a sake auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In biyun ba su zo ɗaya ba, kada diga ya taɓa ƙasa.

Daga nan a koma ga ƙusa. A cika siririn tiyo mai garai-garai da ruwa, a kori duk kumfar iska, wani ya riƙe baki ɗaya a jikin ƙusar, wani ya zaga turaku yana yin alama inda ruwan ya tsaya. Na'urar lesa mai arha jan layinta ɓacewa yake a hasken rana, tiyo kuwa har bayan katanga yana lanƙwasawa. Daɓen ɗaki ya hau sama da alamar da aƙalla bulo ɗaya, a shimfiɗa leda kafin a zuba kankare.

Kafin zubi, birkila ya ɗauki hoton rami da tef a miƙe cikinsa, lambobi suna fitowa, ya tura Sakkwato. Sai mai zane ya amsa sannan a fasa buhun siminti.