Itacen Kirsimeti: Ɗanye ko na Roba?

Kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, iyalan masu bi a Turai da Amurka sukan fuskanci tambaya guda: a sayi ɗanyen itacen fir da aka saro daga gona, ko kuwa na roba wanda za a naɗe a ajiye har baɗi? Tambayar kamar ƙarama ce, amma ta shafi aljihu, da lafiyar gida, da riƙon amanar halittar Allah.

Al'adar ta samo asali ne daga ƙasashen Jamusawa a ƙarni na 16. Kafin lokacin, akan yi wasan kwaikwayo na Adamu da Hauwa'u ranar 24 ga Disamba, a kafa itacen fir a rataya masa tuffa domin ya tuna wa jama'a da gonar Aidan. Daga baya itacen ya shiga gidaje, aka ƙara masa kyandir, alamar Almasihu hasken duniya. A shekara ta 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat tare da 'ya'yansu kewaye da itacen, sai Ingila da Amurka suka ɗauka. Jamusawan ne kuma suka fara na kwaikwayo a ƙarni na 19, da gashin dinya da aka rina kore. Na yau yawanci robar PVC ce da waya, akasarinsu kuma daga masana'antun Sin suke fitowa.

Akwai masu bi da sukan kawo Irmiya 10:1-5 su ce Littafi Mai Tsarki ya hana abin gaba ɗaya. Wanda ya karanta surar a natse zai ga cewa annabin yana magana ne a kan gunki: itacen da masassaƙi ya sassaƙa, aka dalaye shi da azurfa da zinariya, aka kafe shi da ƙusa, mutane suna ɗaukarsa domin ba ya iya tafiya, suna kuma jin tsoronsa. Irmiya ya yi annabci wajen shekara 600 kafin haihuwar Yesu, fiye da shekara dubu biyu kafin a san wannan al'ada. Ba a umarci Ikkilisiya ta kafa itace ba, ba a kuma hana ta ba. Saboda haka koyarwar Romawa 14 ce ta dace a nan, wato kada mai yi ya rena wanda bai yi ba, kada kuma wanda bai yi ba ya hukunta ɗan'uwansa.

Inda maganar take da nauyi shi ne aikin da aka ba mutum a Farawa 2:15, na noma gonar da kiyaye ta. Mutane da yawa suna zaton mai sayen na roba ya ceci daji. Ba haka ba ne. Yawancin ɗanyun itatuwan nomansu ake yi kamar amfanin gona, a jihohin Oregon da Karolina ta Arewa a Amurka, da kuma ƙasar Denmak. Sukan yi shekara 7 zuwa 10 kafin a sare su, suna shan iskar kabon a duk tsawon lokacin, manomi kuma yakan dasa wani a gurbin wanda ya sare. Hukumar Carbon Trust ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa na roba mai tsawon mita 2 yakan jawo fitar kimanin kilo 40 na iskar da ke ɗumama duniya. Ɗanye mai wannan tsawo, in an jefa shi a juji ya ruɓe, kilo 16 ne. In kuwa an ƙone shi ko an daddatsa shi aka baza a lambu, kimanin kilo 3.5 kawai. Wani nazari da aka yi a birnin Montiriyal na Kanada a 2009 ya nuna sai an yi amfani da na roba kusan shekara 20 kafin ya fi ɗanye sauƙin illa. Robar kuma ba ta ruɓewa, kuma da wuya a sake sarrafa ta domin an haɗe ta da ƙarfe.

Duk da haka ɗanyen ma yana da nasa haɗari. Idan ba a tsoma gindinsa cikin ruwa kullum ba, yakan bushe cikin 'yan makonni, kuma busasshen fir kusa da kyandir ko lalatacciyar wayar lantarki yakan kama wuta cikin ƙiftawar ido. Sayensa kowace shekara kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne ga iyali mai ƙaramin ƙarfi.

A Nijeriya fir ba ya yi, don haka kusan duk wanda ake gani a majami'u da kantuna na roba ne. Kwamitin da ya riga ya saya da kuɗin baiko, abin da ya kamace shi shi ne ya adana shi a kwali, nesa da ɓera da laima, ya yi ta amfani da shi shekara da shekaru maimakon neman sabon yayi. Majami'ar da ba ta da shi tana iya dasa ƙaramin itace a tukunya, a shigo da shi a Disamba, a mai da shi harabar majami'a bayan Sabuwar Shekara.