Haraji Da Haƙƙin Jama'a A Musulunci

Bayan haka, 'yan'uwa, wasu masana a Amurka suna cewa haraji ƙwace ne, kuma ruwa da asibiti a bar wa 'yan kasuwa. To, me shari'a ta ce?

Lalle Musulunci ya tsare dukiyar mutum, ba a taɓa ta sai da haƙƙi. Amma Halifa Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana zakka, domin rabon mabukata ce. Sayyadina Usmanu kuwa ya sayi rijiyar Ruma, wadda ake sayar da ruwanta a Madina, ya yi waƙafinta ga kowa. Malamai da yawa sun halatta wa shugaba aza haraji idan baitulmali ya gaza, da sharaɗin larura da adalci. Wanda ya karɓa ya cinye, ya tanadi amsarsa gobe Ƙiyama.

Allah ya sa mu dace.