BABI NA BAKWAI: KEƁAƁƁUN KALMOMIN GIRKI A HAUSA: NAZARI A KAN SOYAYYAR SHINKAFA

7.0 Gabatarwa

Kowace sana'a tana da kalmomin da suka keɓanta da ita, kuma girki yana cikin ayyukan da Hausa ta fi wadata da irin waɗannan kalmomi. Sai dai an lura cewa ɗalibai da dama, idan aka ce su rubuta yadda ake yin wani abinci, ba sa wuce "dafa" da "zuba", ragowar kuwa sai su cike da Ingilishi. Wannan babi zai ɗauki girki guda, wato soyayyar shinkafa, kamar yadda za a iya samun ta a wani gida a garin Durun na Ƙaramar Hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo a yammacin Jihar Kano. Manufa ita ce a nuna cewa ko da abinci baƙo ne, Hausa tana da kalmomin bayyana kowane mataki na yin sa.

7.1 Shinkafa a Ƙasar Hausa

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Akwai irin da aka fara nomawa a fadamun Kogin Kwara, a cikin ƙasar Mali ta yau, kimanin shekara 3000 da suka wuce, tun kafin irin Asiya ya iso. A Jihar Kano, kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ya buɗe ƙofar noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, wuraren da suka yi suna wajen shinkafa. A yankin Kabo da Gwarzo kuwa, dawa da gero da masara su ne ginshiƙin cimaka, kuma an daɗe ana ɗaukar shinkafa a matsayin abincin salla da biki.

Bahaushe ya saba sarrafa ta ta hanyoyi da yawa: tuwon shinkafa da dafa-duka da garau-garau da waina da sinasir da dambu. Har ma sunan "wake" na shinkafa da wake ya ƙetara zuwa Gana, inda ake kiran wannan abinci waakye. Soyayyar shinkafa ce baƙuwa. Asalinta daga ƙasar Sin ne, ta shigo ta biranen Nijeriya, inda aka ƙara mata kori da hanta, sannan ta gangaro gidajen karkara.

7.2 Matanin Nazari

A karanta wannan matani, a lura da aikatau ɗin da ke cikinsa:

"Ranar salla, uwargida takan auni shinkafa gwangwani takwas domin iyalinta. Ta tsince ta, ta rege, ta wanke. Sai ta sulala nama rabin kilo da 'yar hanta tare da albasa da citta da gishiri, ta tsame naman, ta ajiye romon a gefe. Daga nan ta zuba shinkafar a tafasasshen ruwa, ta ba ta tafasa ɗaya, ta sauke ta tace a kwando ta tsane. Kafin ta tsane, ta kankare karas, ta yayyanka shi ƙanana tare da koren wake da koren tattasai, ta jajjaga attarugu. Ta ɗora mai a wuta ta soya naman, ta kwashe, sannan ta soya kayan lambun sama-sama don kada su yi laushi, launinsu ya dushe. Sai ta mayar da shinkafar cikin romon nan, ta sa kori da magi, ta rage wuta, ta rufe ta turara. Idan ruwan ya tsotse, ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan tana soyawa da kayan lambun da naman, tana juyawa har su gaurayu. In an dace sai ta fito wara-wara. In ruwa ya yi yawa kuwa sai ta caɓe, in wuta ta yi yawa ta kama, ta yi ƙanzo."

7.3 Aikatau na Girki da Bambancin Ma'anarsu

Kalmar "dafa" ita ce uwa, domin ma'anarta ta game sauran. Amma kowace daga cikin 'ya'yanta tana ɗauke da wani bayani da uwar ba ta faɗa ba:

(a) Tafasa: ruwa mai yawa, wuta mai ƙarfi, har ya riƙa ɓararraka.
(b) Sulala: ruwa kaɗan, gajeren lokaci, yawanci ga nama.
(c) Turara: tururi ne ke dafa abin, ba ruwa kai tsaye ba.
(d) Soya: a cikin mai, ko a busasshen kasko kamar gyaɗa.
(e) Toya: ga waina da ƙosai da makamantansu.
(f) Gasa: wuta ko garwashi kai tsaye, kamar tsire da masara.

Abubuwa uku ne suka rarrabe su: abin da ke isar da zafi, da yawan ruwa, da irin abin da ake dafawa. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta "ta dafa naman, ta dafa shinkafar, ta dafa karas" bai karya nahawu ba, amma wanda ya bi bayaninsa dafa-duka zai samu, ba soyayyar shinkafa ba.

Haka nan aikatau na shiri suna da iyakokinsu. Ana tsince shinkafa a bushe da hannu, amma da ruwa ake rege ta domin tsakuwa ta kwanta a ƙasan ƙwarya. Ana fere doya, a kankare karas, a ɓare albasa. Ninkin da ke cikin "yayyanka" yana nuna maimaita aiki a kan abubuwa da yawa. Amsa-kama irin su "wara-wara" da "luguf" su ne ma'aunin da mai girki ke auna nasararta da shi.

7.4 Ƙirar Kalma da Karin Sauti

A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, gwargwadon wasalin ƙarshe da karin sauti. Saiwar soy- tana ba da misali mai sauƙi:

Giredi na 1: Ta soya nama.
Giredi na 4: Ta soye naman (duka, ba saura).
Giredi na 6: Ta soyo nama (ta taho da shi nan).
Giredi na 7: Nama ya soyu (aikin ya kai matuƙa).

Daga saiwar daf- ma ana samun dafa da dafe da dafo da dafu. A bakin mutane da yawa /f/ takan koma /h/ a gaban wasalin /u/, shi ya sa ake jin "dahu" da "dahuwa".

Daga aikatau ake samo sifar da ke cikin sunan wannan abinci: soyayye (namiji), soyayyiya ko soyayya (mace), soyayyu (jam'i). Tun da shinkafa jinsin mace ce, sai aka ce "soyayyar shinkafa" ko "soyayyiyar shinkafa", amma "soyayyen nama". A rubuce, wannan "soyayya" ta yi kama da soyayya ta ƙauna, wadda saiwarta "so" ce. Karin sauti ne ya raba su: ta ƙauna tana da ƙasa-sama-ƙasa, ta girki kuwa ƙasa-sama-sama.

7.5 Ararrun Kalmomi

Abin lura a matanin shi ne, babu aikatau ko ɗaya da aka aro. Aro ya tsaya ne a kan sunaye, musamman na kayan haɗi. Albasa daga Larabci take, kuma ta shigo tare da "al-" ɗinta. Karas da kori da kilo daga Ingilishi suke, haka ma kabeji da fis. Kowacce ta bi tsarin sautin Hausa: kabeji ta sami wasali a ƙarshe, /p/ ta koma /f/ a fis, karas kuwa ta haɗiye "s" ta jam'in Ingilishi ta zama tilo. "Koren wake" fassara ce aka yi, "magi" kuma sunan kayan kamfani ne da ya zama sunan kowane dunƙule.

7.6 Koyar da Darasin

Malami zai iya tura ɗalibai su tambayi iyayensu mata da kakanninsu yadda ake wani girki, su rubuto kalmomin kamar yadda aka faɗe su. A aji sai a jera su a allo, a kasa su zuwa aikatau na shiri da na dahuwa da amsa-kama da ararru. Ya kamata maza da mata duka su yi aikin, domin darasin harshe ne. Daga nan sai a nuna yadda kalmomin ke fita daga madafi su shiga maganar yau da kullum, kamar "zuciyarsa ta tafasa", da "ya gasa masa aya a hannu", da karin maganar nan "mai haƙuri yakan dafa dutse".

7.7 Kammalawa

An ga a wannan babi cewa Hausa ta ari sunayen wasu kayan haɗi, amma da aikatau ɗinta ta bayyana girkin tun daga tsinta har zuwa saukewa. Aikin malami ne ya tabbatar ɗalibinsa ya san bambancin sulala da turara, ya kuma yi amfani da su a rubuce.

Tambayoyi

1. Bambanta ma'anar tafasa da sulala da turara, tare da misali a jimla.
2. Sarrafa saiwar gas- a giredi na 1 da 4 da 6 da 7.
3. Kawo ararrun kalmomin girki guda 10, ka faɗi asalinsu da canjin sautin da suka samu.
4. Rubuta matani mai sakin layi biyu a kan yadda ake dambun shinkafa ba tare da kalmar "dafa" ba.