Amsoshin Tambayoyinku: Taƙaddamar Ƙa'idar Ladabi a Linux

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: me ya haddasa cece-ku-ce kan ƙa'idar ladabi tsakanin masu rubuta manhajar Linux?

To malam, Linux manhaja ce da Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland, ya fara a 1991, kuma kowa na iya leƙa cikinta ya kawo gyara. A kanta aka gina Android ɗin da ke wayoyinmu. Torvalds ya yi ƙaurin suna wajen yaɓa wa duk wanda ya kawo aiki maras kyau baƙar magana a bainar jama'a. A watan Satumban 2018 ya nemi afuwa, ya ɗan koma gefe, aka kuma ɗauki ƙa'idar Contributor Covenant wadda Coraline Ada Ehmke ta rubuta a 2014. Ƙa'idar ta haramta zagi, tsangwama da wariya saboda jinsi, launin fata ko addini.

Nan fa kai ya rabu. Masu goyon baya suka ce ashar tana korar mata da sababbin shiga. Masu adawa suka ce siyasar Amurka aka cusa musu, ingancin aiki kaɗai ya kamata a duba, har wasu suka yi barazanar janye gudummawarsu. Sai aka ƙara bayanin yadda za a aiwatar da ƙa'idar, Torvalds ya dawo bakin aiki a Oktoba, kuma har yau da ita ake aiki.

Da fatan malam ya gamsu.