DARASI: LAMBU A ƘASAR DA RUWA KE KWANCIYA

A Littafin Farawa 2:15 mun ga cewa aiki biyu Allah ya ɗora wa Adamu a gonar Aidan: noma ta da kuma kiyaye ta. Mu mazauna yankin Kura da Bunkure mun iya na fari, amma na biyun yakan kuɓuce mana.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta hanyoyin ban-ruwa zuwa Kadawa da kewaye, ƙasarmu ta zama gidan tumatir da albasa da shinkafa. Sai dai ruwan nan yana da ɗaya fuskar. Dattawanmu ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba, haka kuma ambaliyar 2001 da ta cinye ƙauyuka a gaɓar Kogin Kano. Waɗannan kowa ya gani. Akwai kuma ɓarnar da ke zuwa a hankali, wato ruwan da ke kwana a fangali.

Saiwa tana numfashi kamar yadda ɗan Adam yake yi. Idan ruwa ya cike kafofin ƙasa, iska ta fita, to cikin kwana biyu ko uku tumatir da tattasai za su yi yaushi, alhali gindinsu a jiƙe yake. Mai lambu ya ga yaushi, ya zaci ƙishi ne, ya ƙara ruwa! Albasa kuwa ruɓewa take yi. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa, zafin rana yakan janyo gishiri sama, mu ga fari-fari kamar kanwa a bisa ƙasa, shuka ta tsumbure. Ruwan da ya kwanta kuma shi ne matattarar sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya ga yaranmu.

Saboda haka, ƙaramin fangalin da ya dace da rani bai dace da marka ba. Da damina mu ɗaga kunya sosai, mu dasa a ƙoƙuwarta, mu bar kwarin kunya ya bi gangare zuwa magudana. Irin dashe mu rene shi a tudu. Takin gida da ya ruɓe yana buɗe ƙasa mai laka fiye da takin zamani, wanda ruwa ke wankewa. Wurin da muka san kowace shekara sai ya nutse, mu bar wa shinkafa ko gwaza, kada mu yi gardama da shi.

Babbar magana dai ita ce magudana, domin ba ta da mai ita ɗaya. Wanda ya toshe ta don ya ƙara taku biyu a gonarsa, ko ya bar kacala ta cinye ɓangarensa, ya tura ruwa ne gonar maƙwabci, Kirista ko Musulmi. Mun ga zumunci ya lalace a kan haka, kuma a ganinmu abu ne da ya cancanci a kai shi wurin ikirari.

Muna roƙon katekis na kowane ƙauye ya zauna da Zumuntar Mata da matasa, a sa ranar gayyar yasar magudana kafin watan Yuli ya ƙare, a kuma sanar da mai unguwa domin a gayyaci duk wanda gonarsa ke kan layin.