Tiyatar Hannu a Zamanin Annobar Korona: Tsokaci a Kan Gurbin Harshe

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda asibitoci suka ci gaba da yin tiyatar hannu a shekarar 2020, ta kuma nuna cewa dabarar da aka dogara da ita ta mayar da magana ɗaya daga cikin kayan aikin likita.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, 2020. Ba a cika mako guda ba hukumar asibitocin Ingila ta ba da umarnin dakatar da duk tiyatar da ba ta gaggawa ba, na aƙalla wata uku. An mayar da likitocin sa barci sashen kulawa ta musamman, inda masu korona ke kwance. Sai dai raunin hannu ba ya jira. Idan wuƙa ta tsinke jijiyar da ke lanƙwasa yatsa, aka bar ta makonni ba a ɗinke ba, takan janye, gyaranta ya yi wuya. Ga tela ko makaniki, wannan asarar sana'a ce.

2.0 Tiyata Ido Biyu

Sa majinyaci barci yana buƙatar zura masa bututu a maƙogwaro, aikin da ke watsa ƙwayar cutar cikin iska. Don haka likitocin hannu da dama suka koma ga dabarar da aka fi sani da WALANT, wadda likitan Kanada Donald Lalonde ya yaɗa. Ana yi wa wurin allurar lidokayin mai kashe zafi, haɗe da adirenalin mai tsuke hanyoyin jini, a jira kamar rabin sa'a, sannan a fara aiki. Ba a ɗaure damtse don tsayar da jini, majinyaci kuma yana farke, galibi ya koma gida a ranar.

An daɗe ana koya wa ɗaliban likitanci cewa adirenalin na kashe yatsa. Binciken da Lalonde da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, a kan allura 3,110, bai sami yatsa ko ɗaya da ya salwanta ba. Ke nan dabarar ta girmi annobar. Matsi ne ya sa masu ɗari-ɗari suka karɓe ta.

3.0 Gurbin Harshe

Abin da ya fi shafar manazarcin Hausa shi ne, a wannan tiyata likita yakan ce wa majinyaci ya dunƙule hannu ko ya miƙe yatsa ana tsakar aiki, don a ga ko ɗinkin ya riƙe. A nan kuma yake yi masa bayanin yadda zai kula da hannun. Duba majinyata ta wayar tarho, wanda ya yawaita lokacin kulle, shi ma a kan kalma ya dogara.

Idan aka kawo wannan tsari asibiti irin na ƙashi da ke Dala a Kano, matsalar kalmomi za ta bayyana. Kalmar "jijiya" ita ce ta hanyar jini, ita ce ta abin da ke kai saƙon ji, ita ce kuma ta igiyar da ke jan ƙashi. Uku ne a wurin likita, kowacce da gyaranta da wa'adin warkewarta. "Hannu" ya haɗa daga kafaɗa zuwa farce. Wanda ya ce yatsansa "ya mutu" zai iya nufin ba ya ji, ko ba ya motsi, alhali kowanne da raunin da yake nunawa.

A ganin wannan nazari, ƙirƙirar sababbin kalmomi a kan tebur ba ita ce mafita ta farko ba. Mahauta da masu ɗori sun daɗe suna taɓa waɗannan sassa suna ambaton su, kuma "agara" na cikin abin da ke bakinsu. Daga wurinsu ya kamata tattara kalmomin ya fara, kafin a zauna da likitocin tiyata a tantance wadda majinyaci zai gane yana kwance a kan gadon aiki.