Yadda A Ke Juya Lamba Daga Wani Tushe Zuwa Wani

Cikin darussan lissafi akwai wani wanda ya kan ba masu koyo tsoro tun ba su shige shi ba, watau juya lamba daga tushen goma zuwa tushen biyu, ko na takwas, ko na sha shida, da kuma komo da ita. Da yawa su kan haddace ƙa'idodi huɗu ko biyar daren jarrabawa, gari na wayewa sai duk su cakuɗe musu. Dalili kuwa, sun ɗauki abu guda sun mai da shi da yawa. Tun da ya ke yawancinmu gobe mu za mu tsaya gaban allo, ya kamata mu san asalin abin, gama malamin da ya haddace bai gane ba, yaro ɗaya mai yawan tambaya ya isa ya kunyata shi gaban aji.

Adadi dabam, lamba dabam

Da fari sai mu bambanta adadi da lamba. Adadi shi ne yawan abu, lamba kuwa ita ce yadda aka rubuta yawan nan. In makiyayi yana da tumaki arba'in da biyar, ko ka rubuta 45, ko 101101, ko 55, ko 2D, tumakinsa ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Duk huɗun nan adadi ɗaya su ke nufi, tushensu ne kawai ya bambanta.

To, mene ne tushe? Ku dubi 409. Ma'anarta ɗari huɗu, babu goma, da ɗaya-ɗaya tara. Ko wace alama darajarta tana ga gidan da ta zauna, ko wane gida kuwa ya ninka na damansa sau goma. Wannan goma ita a ke ce wa tushe. Alamominta goma ne, daga 0 zuwa 9, in sun ƙare sai a koma sifiri, a kai ɗaya gidan hagu. Daga ƙasar Hindu wannan tsari ya fito. Wajen shekara ta 825 wani masani na Bagadaza, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, ya rubuta littafi bisa kansa, daga baya aka juya shi da Latin, ya shiga Turai.

Amma ba tilas ba ne tushe ya zama goma. Mutanen Babila na dā da sittin su ke lissafi, har yau kuwa ga gadonsu nan ga agogo, daƙiƙa 60 minti guda, minti 60 sa'a guda. Ga gidajen tushe huɗu da mu ke magana a kansu, an jero su daga dama zuwa hagu kamar yadda su ke zaune:

Tushen goma: 1000, 100, 10, 1
Tushen biyu: 32, 16, 8, 4, 2, 1
Tushen takwas: 512, 64, 8, 1
Tushen sha shida: 4096, 256, 16, 1

Tushen biyu alamominsa biyu ne rak, 0 da 1. Na takwas daga 0 zuwa 7, babu 8, babu 9. Na sha shida yana bukatar alama goma sha shida, ga shi kuwa goma mu ke da su, sabo da haka aka ari haruffa shida aka cike: A goma, B sha ɗaya, C sha biyu, D sha uku, E sha huɗu, F sha biyar.

Darasi daga fam da sule

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a kan yi magani. Kafin ran 1 ga Janairu 1973, sa'ad da Nijeriya ta koma ga naira, kuɗin ƙasar fam ne da sule da kwabo: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Ko wane ɗan kasuwa na lokacin nan ya iya juya lamba, ko da ya ke bai san sunan abin da ya ke yi ba.

A ce an zube masa kwabo 1000, aka ce fam nawa ke nan? Sai ya kasa su sha biyu-sha biyu, ya sami sule 83, saura kwabo 4. Sa'an nan ya kasa sulallan ashirin-ashirin, ya sami fam 4, saura sule 3. Amsa ita ce fam 4 da sule 3 da kwabo 4. Ku lura da kyau, sauran da ya fara fita, watau kwabo 4, shi ne mafi ƙanƙanta, shi ya sa ya zauna can ƙarshe.

In kuma aka ce ya komo da su kwabo, sai ya fara daga babba. Fam 4 sau 20, a ƙara 3, sule 83 ke nan. Sule 83 sau 12, a ƙara 4, kwabo 1000 ke nan.

Ilmin juya lamba duka bai wuce waɗannan hanyoyi biyu ba. Har ma namu ya fi na ɗan kasuwan sauƙi, don shi yana sāke abin rabawa daga 12 zuwa 20, mu kuwa da tushe guda za mu yi ta rabawa har mu gama.

Hanya ta fari: fita daga tushen goma

A raba lambar da sabon tushe, a rubuta saura a gefe, a sāke raba abin da aka samu, har ya zama sifiri. Sa'an nan a karanta sauran daga ƙasa zuwa bisa. Ga 45 zuwa tushen biyu:

45 raba 2, 22, saura 1
22 raba 2, 11, saura 0
11 raba 2, 5, saura 1
5 raba 2, 2, saura 1
2 raba 2, 1, saura 0
1 raba 2, 0, saura 1

Daga ƙasa zuwa bisa, 101101. In yaro ya tambaye ka don me a ke karantawa daga ƙasa, ka tuna masa da kwabo 4 ɗin nan: sauran fari na ƙaramin gida ne, ƙaramin gida kuwa a dama ya ke.

Ga kuma 500 zuwa tushen takwas. 500 raba 8, 62, saura 4. 62 raba 8, 7, saura 6. 7 raba 8, 0, saura 7. Amsa 764.

Ita dai 500 ɗin zuwa tushen sha shida. 500 raba 16, 31, saura 4. 31 raba 16, 1, saura 15. 1 raba 16, 0, saura 1. Sha biyar F ce, sabo da haka amsa 1F4.

Hanya ta biyu: komowa tushen goma

A ɗauki alamar hagu, a ninka ta da tushe, a ƙara ta kusa da ita, a sāke ninkawa, a ƙara ta gaba, har alamomin su ƙare. Ga 764 ta tushen takwas: 7 sau 8, a ƙara 6, 62. 62 sau 8, a ƙara 4, 500. Ga 1F4: 1 sau 16, a ƙara 15, 31. 31 sau 16, a ƙara 4, 500.

A tushen biyu abin ya fi sauƙi, don ba abin da ke cikin gida sai 1 ko 0. Sai kawai a tara gidajen da ke da 1, a tsallake na sifiri. Cikin 101101 gidajen da ke da 1 su ne 32 da 8 da 4 da 1, jimla 45. Kamar mai awo ne da duwatsun sikeli shida, masu nauyin 1, 2, 4, 8, 16, 32. Ko wane dutse ko dai yana bisa sikeli ko ba ya bisa, da su kuwa zai iya auna ko wane cikakken nauyi daga 1 har 63.

Gajeriyar hanya

Tsakanin tushen biyu da na takwas da na sha shida ba sai an bi ta tushen goma ba. Dalili, takwas ita ce 2 sau 2 sau 2, sha shida kuwa 2 ce aka ninka har sau huɗu. Don haka gida uku na tushen biyu daidai su ke da gida ɗaya na tushen takwas, gida huɗu kuma daidai da gida ɗaya na tushen sha shida.

A tushen biyu 500 ita ce 111110100. A yanka ta uku-uku daga dama: 111, 110, 100, watau 7, 6, 4. A yanka ta huɗu-huɗu daga dama: 1, 1111, 0100, watau 1, F, 4. Ga shi mun sāke samun 764 da 1F4 ba tare da rabawa ko ɗaya ba. In za a koma, sai a warware ko wace alama zuwa gida uku ko huɗu cif. Wanda ke so ya tashi daga tushen takwas zuwa na sha shida, sai ya warware uku-uku, ya ɗaure huɗu-huɗu.

Ramukan da a kan faɗa

Na ɗaya, yanka daga hagu. Lambar nan 101101 in an yanka ta huɗu-huɗu daga dama, 10 da 1101, ta ba da 2D, watau 45. In an yanka daga hagu, 1011 da 01, sai ta ba da B1, watau 177. Tumaki arba'in da biyar sun zama ɗari da saba'in da bakwai ke nan a takarda.

Na biyu, yar da sifiri. Alamar 4 ta cikin 1F4 lalle a warware ta 0100. Wanda ya rubuta 100 ya rushe gida guda, duk na hagu sun gusa. Sifirin da ke can farkon lamba gaba ɗaya shi kaɗai a ke iya yarwa.

Na uku, rubuta 15 maimakon F. Wanda ya yi haka zai sami 1154, wadda a tushen sha shida 4436 ce, ba 500 ba.

Na huɗu, karanta 10 a ce goma ko ina aka gan ta. A tushen biyu 10 biyu ce, a na takwas takwas ce, a na sha shida sha shida ce. Ku saba wa yara su riƙa cewa "ɗaya sifiri", su kuma rubuta tushen a gindin lambar.

Maganinsu duka ɗaya ne: in ka tafi ta hanya ta fari, ka komo ta hanya ta biyu. In ka iske lambar da ka bari, aikinka ya yi daidai.

Ina amfanin wannan duka?

A shekara ta 1703 wani Bajamushe masanin lissafi, Labniz, ya ba da bayanin lissafin tushen biyu ga majalisar masana ta Faris. Shekaru fiye da 200 abin bai fita daga hannun masana ba. A 1937 wani ɗalibi a Amurka, Kulod Shanon, ya nuna yadda makunnan lantarki, masu hali biyu kaɗai, a kunne ko a kashe, za su iya ɗaukar aikin 1 da 0. A kan wannan aka gina kwamfuta da wayar hannu da mu ke riƙe da su.

Na'ura ba ta gajiya da jerin 1 da 0, amma idon mutum ya kan ɓace cikinsu. Shi ya sa a ke taƙaita su da tushen takwas ko na sha shida. Tushen takwas ya yi tashe sa'ad da a ke ƙera injuna masu aiki da gida 12 ko 36, waɗanda ke yankuwa uku-uku. Bayan kamfanin IBM ya fito da injunansa System/360 a 1964, ɗaurin gida takwas, wanda a ke kira bait, ya zama ruwan dare. Bait guda yana ɗaukar adadi daga 0 zuwa 255, da alama biyu tak kuwa a ke rubuta shi a tushen sha shida, daga 00 zuwa FF. Haka a ke rubuta launi a intanet, bait guda na ja, guda na kore, guda na shuɗi: FF0000 ja ne wur, FFFFFF fari fat, 000000 baƙi ƙirin.

Har haruffanmu masu ƙugiya abin ya shafa. Cikin tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ko wane harafi yana da lambarsa a tushen sha shida. Ta babban A 0041 ce, watau 65. Ta ƙaramin ƙ 0199 ce. Mu gwada: 1 sau 16, a ƙara 9, 25. 25 sau 16, a ƙara 9, 409. A tushen biyu 110011001, a na takwas 631. Wanda ya san haka, in allon rubutunsa ba shi da ƙ, ya san lambar da zai nema, ba zai bar ƙafa ta zama kafa ba.

Aikin gwaji

Gani ya kori ji. Ku ɗauki alkalami ku gwada waɗannan kafin ku dubi amsa.

1. Ku juya 100 zuwa tushen biyu, da na takwas, da na sha shida.
2. Lambar ƙaramin ɗ 0257 ce a tushen sha shida. Nawa ke nan a sauran ukun?
3. Ku juya 777 ta tushen takwas zuwa tushen sha shida ba tare da bi ta tushen goma ba.
4. In yatsa a miƙe 1 ne, a lanƙwashe 0, har nawa za a iya ƙirgawa da yatsu goma?

Amsoshi: na ɗaya, 1100100 da 144 da 64. Na biyu, 599 a tushen goma, 1001010111 a na biyu, 1127 a na takwas. Na uku, 1FF. Na huɗu, 1023.

Wanda ya sami uku daga cikin huɗun nan, ya kuma iya faɗin dalilin ko wane mataki da bakinsa, ya isa ya koyar da darasin. Wanda bai samu ba kada ya karai, ya koma ga fam da sule ya sāke bi a hankali, sannu ba ta hana zuwa. In kun shiga aji kuma, ku fara da tsakuwa ko ƙwayar wake, yara su kasa su biyu-biyu da takwas-takwas da hannunsu, su ga saura da idonsu, tukuna ku kai su ga allo.